Gizagon da Na Ɓoye a Rumbu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ku Tiga lafiya, kai da matarka Ladidi. Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ku sauka gidan kawunka Ilu a sa'a. Na ba Ladidi wannan takarda, na ce kada ta miƙa maka sai mota ta bar Ba'awa. Ka yi haƙuri da rubutun. Na yaƙi da jahilci ne, kuma hannun da ya saba da gizago ba ya jin maganar biro.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda yau ka baro shi. A cikin kayanku za ka ga an ɗora wani kututturen ƙirya da wani buhu ɗaure da igiya. Na san ba za ka tambaye ni na mene ne ba, domin shekara biyu ke nan maganarmu ba ta wuce ina kwana da ya jiki. Laifin nawa ne, kuma shi nake so in warware maka. Kawunka ya ce ya kafa maka rumfa a ƙofar gidansa, ka riƙa zama kana shan iska kana kallon masu wucewa. Na gode masa. Amma ni abin da yake hana ni sukuni shi ne kada ka ƙare rayuwarka a rumfar nan hannunka a kan cinya, kana ɗan shekara ashirin da takwas, alhali hannuwan lafiyarsu ƙalau.

Bari in fara da wauta ta tun ƙuruciya, domin daga ita sauran suka tsiro.

Ina saurayi, ban daɗe da karɓar gizago daga hannun kakanka ba, akwai wani masassaƙi a Dangora ana ce masa Malam Ɗantani. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Ran kasuwa a kan jaki ake kawo shi, a sauke shi gindin wata tsamiya, ya baje muciyoyi da maburgai da cokulan itace da alluna. Ni kuwa a lokacin ji nake babu kamata. Ni nake kayar da itace da kaina, in fafe turmi a kwana biyu, in saɓo shi a kafaɗa har kasuwa don kawai mutane su gani. Wata rana na tsaya a kansa, gaban jama'a, na ce, "Malam, wannan ai aikin tsofaffin mata ne. Namiji turmi yake sassaƙawa."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ci gaba da karce muciyar da ke hannunsa, ya ce, "To samari, sannu da ƙarfi. Amma turmi sau ɗaya mace take saye, ta kai shi har jikoki. Muciya kuwa bana ta karye, baɗi ta ƙone. Ni suke nema kullum, kai sai an yi biki."

Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe na wuce. Na shekara wajen arba'in ban yarda gaskiya ya faɗa ba. Saboda haka shawarata ta farko, kada ka raina ƙaramin aiki. Kai kafinta ne mai hawa rufi, na san idonka ya saba da manyan katakai, kuma za ka ji kamar an rage maka daraja in aka ce yi muciya. Ba a rage komai ba. A Tiga masu noman rani suna karya ƙotar fartanya da ta lauje kusan kullum, kuma duk wanda tasa ta karye ana tsakiyar aiki ba zai jira ran kasuwa ba. Masunta suna son filafilin tuƙa jirgi da 'yan sandunan da suke ɗinke komarsu da su. Matan Fulani suna son maburgin nono. Malamai suna son alluna. Kowace mace mai girki tana son 'yar kujerar tsugunno wadda ba ta rawa. Duk waɗannan babu wanda ya fi tsawon hannunka in ban da filafili, shi ma a kwance ake yin sa.

Ka fara da muciya da maburgi, don ba su da nauyi kuma in ka ɓata ɗaya ba asara ba ce. In hannunka ya dawo sai ka shiga ƙota, ka yi ta da marke. Allo da aduwa ake yi, kuma aikinsa kusan duk gogewa ne, ka zauna da shi a inuwa kana hira. Akushi da kujera ka bar su sai can gaba. Kada ka biye wa zuciyarka, na san ta, irin tawa ce, za ta ce maka ka fara da mafi wuya don mutane su yi mamaki.

Wauta ta biyu ta gaggawa ce. Shekarar da aka haifi yayarka, wata Bafillatana daga rugar bayan gari ta ce in yi mata akushi. Ba ni da busasshen itace, ga shi ina jin kunyar in ce ta jira. Na sari ɗanye, na fafe, na babbake shi ya yi baƙi wuluk, na shafe da man kaɗanya yana sheƙi. Ta karɓa tana yabo. Ba a yi sati uku ba sai ga ta da sassafe, ta ajiye shi a gabana ya tsage tun daga baki har gindi. Ta ce, "Baba masassaƙi, ga akushinka, ya ce ba ya son zaman ruga." Ta juya ta tafi. Daga ranar duk rugar suka koma Dangora wajen Malam Ɗantani, kuma ba su dawo mini ba sai bayan ya rasu.

Kai yanzu ba za ka shiga daji ka zaɓa da kanka ba, kawo maka za a yi, saboda haka dole ka fi ni lura. In an kawo itace, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa da bayan gizago. Busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa shiru yake kamar buhun gari. In ka kara shi a kumatu ka ji sanyi, da sauransa. Ka sa a jingine maka shi a inuwa, ba a rana ba, don rana tsaga shi take yi. Wanda aka tsamo daga bakin ruwa kada ka yarda da shi ko da ya yi kyau a ido. In mutum ya matsa maka, ka ce masa sai wata mai zuwa. Zai yi gunaguni ya tafi, amma zai dawo.

Yanzu na zo kan wanda ya fi mini nauyi.

Da aka dawo da kai daga asibiti a Kano, bayan ka faɗo daga rufin nan a Tudun Wada, likita ya gaya mana lakarka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ka jin komai. Na ji da kunnena. Amma da aka yi wata shida, ranar da ka ce mini, "Baba, a miƙo mini gizago in gwada, zaman ya ishe ni," murna ta rufe mini ido. Na shimfiɗa maka buzu, aka sauke ka daga keken guragu, na zaunar da kai yadda kakanka ya zaunar da ni. Ka san yadda muke yi a gidanmu: masassaƙi ya zauna a ƙasa, ya danne itace da tafin ƙafa, ya maƙale shi da babban yatsa, ya yi ta sara dab da yatsun. Abin da yake tsare mu shi ne ƙafar tana ji. Tun kafin bakin gizago ya iso, ita da kanta take janyewa. Ni da hannuna na ɗauki ƙafarka ta hagu na ɗora a kan itacen, na gyara mata zama, na ce bismilla. Sannan na tashi na tafi duba akuya.

Ka san sauran. Kana ta sara kana murmushi, rabon da in ga haƙoranka tun kafin faɗuwar. Babarka ce ta fito da ƙwarya ta ga buzu ya jiƙe. Ta ce, "Malam, zo ka ga abin da ka yi." Ba ta ce abin da Haruna ya yi ba, kuma gaskiyarta. Ciwon nan wata huɗu ya yi yana ruwa, har aka fara maganar yanke yatsun, Allah Ya kiyaye.

Wannan kuskure ne na rashin tunani, kuma na san ka yafe shi tun a ranar. Wanda ya biyo baya shi ne ba ka yafe ba, ni ma ban yafe wa kaina ba. Tsoro ya kama ni. Na tattara gizago da wuƙaƙe da zarto da magagari, har da kayanka na kafinta, na ƙunshe a tsumma na tura cikin rumbu ƙarƙashin dawa. Da ciwon ya warke ka sake tambaya, sai na ce maka, gaban Ladidi da babarka, "Sassaƙa ba taka ba ce kuma. Ka haƙura ka zauna, muna da rai ba za ka rasa tuwo ba." Na ga fuskarka a lokacin. Ka ce, "To, Baba." Tun daga nan ba ka sake roƙona komai ba, ko ruwa.

Na ɗauka tausayi nake yi. Har na kai in baƙo ya zo ya ce maka ya jiki, ni nake riga ka amsawa. In wani ya kawo kujera a gyara, ka miƙa hannu za ka duba, in ce a kawo nan. Ina ganin ina kare ka, ashe kullum ƙara danne ka nake a kan keken nan. Shawarata a nan biyu ce. Kada ka bar kowa ya yi maka abin da na yi maka, ko kawunka ne, don shi ma mai tausayi ne kuma irin tausayinmu ɗaya. In ya ce bari a yi maka, ka ce masa cikin ladabi, "Kawu, bari in gwada tukuna." Ta biyun kuma, in Allah Ya ba ka 'ya'ya, ran da ka ji tsoro a kansu ka ce musu tsoro kake ji. Kada ka ce musu ba za su iya ba.

Da kawunka ya aiko da maganar komawarku Tiga, ka amsa tun kafin ya rufe baki, na gane guduna kake yi. A ranar ina zaune a gona Malam Ɗantani ya faɗo mini a rai. Na ce wa kaina, shi da ba shi da ƙafar dannewa, da me yake riƙe itace? Na shekara nawa ina wucewa ta gabansa, girman kai bai bar ni na duba ba.

Ran kasuwar da ta zagayo na tafi Dangora, na yi ta tambaya har aka kai ni gidan 'yarsa, Iya Tasalla, ita ma ta tsufa. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, kai ne mai turmi? Ai Baba yana ba mu labarinka." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gaya mata abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba. Ta ce in biyo ta. A bayan ɗaki, wajen akurkin kaji, ga wani tsohon kututture an ɗora masa kaskon ruwa. Ta sauke kaskon ta ce, "Ga shi nan. Shi yake kira ƙafata. Yakan ce tasa ta fi ta sauran masassaƙa, don ko ya sare ta ba ta jini."

Na durƙusa na duba. Ba wani abin mamaki ba ne, Haruna, shi ya sa ma na ji haushin kaina. Gurbi uku ya fafe a samansa, ƙarami da matsakaici da babba. Ya kwantar da itacen da zai sassaƙa a gurbin da ya dace, ya kawo wani guntun itace mai bakin gatari ya buga a gefe, sai ya matse gam. In zai juya aikin, ya doki guntun ta baya ya fita. Shi ke nan. Na auna da taƙi da yatsu, na yi mata godiya. Ta ce, "Allah Ya ba ɗanka lafiya. Ka ce masa Baba da wannan ya aurar da mu mu biyar."

Na dawo na samo ƙirya na yi irinsa a bukkar gona, inda ba za ka ji sara ba. Sai dai nasa na zaman ƙasa ne, naka kuwa na ɗaga shi ya zo daidai cinyarka in kana kan keke, na kuma fafe ƙasansa yadda gwiwoyinka za su shige ciki su ɓuya. Ban yarda in ba ka abin da ban gwada ba, na riga na yi wannan sau ɗaya. Na auna tsayin kekenka da igiya, na yi kujera daidai shi, na zauna. Amma da na fara aiki sai in ga ƙafata ta miƙe da kanta ta je ta danne itace, sabon shekara da shekaru. Don haka na zura ƙafafuna biyu a buhun taki, na ɗaure bakin da rawanina. Haka babarka ta same ni ranar da ta kawo mini fura. Ta ajiye ƙwaryar ta yi ta kallona, ta ce, "Malam, in ce ko dai lafiya? Ko in kira mutane ne?" Da na yi mata bayani ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba. Sati shida na yi a buhun nan.

Ga abin da buhu ya koya mini, ka riƙe da kyau. Doguwar ƙota ba ta mai zama a keke ba ce, tana kai bakin gizago inda ba ka aike shi ba, shi ya sa na rage ta da taƙi guda. Sara kullum ya tafi gaba ko gefe, kada ya nufo jikinka. Ka ja birkin keke kafin ka ɗaga hannu, ka sa a tare ƙafafunsa da dutse. A cikin buhun da ke cikin kayanku akwai fatar sa, ka shimfiɗa ta a cinyarka duk lokacin da za ka yi aiki, ko da zafi ake. Ka sa takalmi rufaffe, kada ka ce ai ba tafiya za ka yi ba. Ka wasa kayanka kowace safiya, don dakusasshen ƙarfe shi yake zamewa. Ka jera su a gefen dama inda hannu zai kai ba tare da ka sunkuya ba, na yi musu ramuka a jikin kututturen. In abu ya faɗi ƙasa kada ka bi shi da jiki, akwai sanda mai ƙugiya, ka jawo da ita.

Wuta kuma ka ji tsoronta fiye da ƙarfe. In za ka babbake akushi ko ka yi wa muciya zane da jan ƙarfe, a ɗora kaskon a kan wani abu mai tsawo can gefe, ba a gaban ƙafarka ba. Garwashi zai iya faɗo maka ya ci rami ba ka sani ba. Kuma aiki yana da daɗi, zai ɗauke maka hankali ka wuni a zaune wuri ɗaya, ka san abin da likita ya ce game da gyambon zama. Duk muciya ɗaya in ka gama, ka dafa hannun keke ka ɗaga jikinka, ka gyara zama. Safe da yamma Ladidi ta duba maka ƙafafu har tsakanin yatsu. Kada ka yi mata tsawa in ta yi, na taɓa jin ka. Yarinyar nan ta riƙe ka da amana, kuma idonta ne yanzu yake yi maka aikin da fatarka ta daina.

Za a sami masu tsayawa a kanka su faɗi maganar banza, irin wadda na faɗa wa Malam Ɗantani. Kada ka ɗago kai. Wasu kuma za su sayi abu don tausayi, su ce ka bar shi haka ko bai gama goguwa ba. Waɗannan sun fi haɗari. Kada ka bar muciya mai kaushi ta bar hannunka don an ce ai ka yi ƙoƙari. Ka sa a saya don ta fi ta kowa.

Gizagon da ke cikin buhun na kakanka ne, shi ne wanda ya sare ka. Na yi tunanin in ba ka wani, sai na ga ba shi da laifi, wanda ya ɗora ƙafar a gabansa shi ne mai laifi. Na tono shi daga ƙarƙashin dawa, na kankare tsatsar, na wasa shi. Kayanka na kafinta ma suna nan duka, ko ƙusa ban rage ba. Maganar da na faɗa maka gaban matarka da mahaifiyarka na janye ta. Ba gaskiya ba ce, tsoro ne. Na so in faɗa maka da baki, sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinka in tsaya in koma. Ka yafe mini, Haruna.

Ba zan tilasta maka ba, na yi maka hukunci sau ɗaya ya isa. In ka ga dama ka bar kututturen a rumfa ka riƙa ɗora butar alwala, ba zan ce komai ba. Abu ɗaya dai zan gaya maka. Muciyar babarka ta tsage tun watan jiya, ta ɗaure ta da waya, tuwo yana maƙalewa a tsagin tana ta mita. A bukkar gona akwai guda goma sha ɗaya da na sassaƙa ina cikin buhu, na ce ta ɗauki wadda take so. Ta ce ba ta so. Ta ce ita ta Tiga take jira, ko za ta shekara. Ka san halinta in ta kafe. Motar da ta kai ku tana dawowa nan duk ran Laraba, direban ya san gidan.

Allah Ya tsare mini kai, zaune da kwance. Ya tsare hannuwanka da ƙafafunka, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da wuta da bakin mutane. Ya sa albarka a rumfar nan, Ya ba ku zaman lafiya kai da Ladidi, Ya saka mata da alheri. Ka gaishe mini da kawunka da mutanen gidansa. Babarka tana sa muku albarka, ni ma haka. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
a Ba'awa.